Nauyin Kaya a Kan Wayar Ɗalibi

Duk wanda ya zauna a Parakou da niyyar gina manhajar koyon Hausa a intanet, tambayar farko da za ta tsayar da shi ita ce: da wane kayan aiki zai ƙera fuskar da ɗalibi zai riƙa taɓawa? Ga React, wanda Facebook ya fitar a 2013. Ga Vue na Evan You, na 2014. Ga kuma Svelte na Rich Harris, na 2016.

React da Vue sukan aika da injinsu tare da shafin, sai wayar ɗalibi ta sauke shi kafin darasi ya bayyana. Svelte kuwa yakan kammala mafi yawan aikin tun a kwamfutar magini, ya aika da ɗan abin da ya rage. Sai dai React ya fi yawan masana, saboda haka idan magini ya bar aikin, ba a rasa magaji.

A zamanin da, fataken goro da ke yada zango a Djougou, tsakanin Gwanja da Kano, ƙarfin jaki suke dubawa kafin su ɗaure kaya. Jakin yau shi ne ƙaramar wayar ɗalibi, da 'yar datar da ya saya a MTN ko Moov. Shafi mai nauyi kan cinye ta kafin a kai ga bambancin ƙ da k. Daidai ruwa, daidai tsaki: a gwada kowane a kan wayar da ta fi rauni a aji, sannan a zaɓa.