Littafin Haya na Hajiya

Washegarin sadakar arba'in ta mahaifinmu, Hajiya ta aika a kira ni. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta ambatar sunana. Ta tura mini wani littafi mai baƙin bango da tarin makullai ɗaure da tsumma, ta ce, "Kai, ga gonar ubanku nan." Gonar da take nufi ɗakunan haya ne guda bakwai a bayan gidanmu na Hausari, da shago ɗaya mai fuskantar titi. Baba fatake ne, ya ƙare ƙuruciyarsa da goro da atamfa tsakanin Garwa da Yola da Mubi. Bai taɓa karɓar albashi ba, balle ya sa ran fansho. Duk shekarar da kasuwa ta yi albarka sai ya sayi bulo da kwano ya ƙara ɗaki. Waɗannan ɗakuna su ne maganin hawan jinin Hajiya, su ne kuɗin makarantar ƙannena, su ne ragon layya.

A littafin babu ko kwantiragi ɗaya, sai sunaye da watanni da alamar biro. A gaban sunan wani tela Baba ya rubuta da ajami cewa an yafe masa wata uku, matarsa ta haihu. Haka ake haya a unguwarmu: magana ce tsakanin mutum biyu, shaidarta maƙwabta, alƙalinta limamin masallaci ko mai unguwa. Wanda kuke sahu ɗaya da asuba ba ka iya fitar masa da kaya waje da hantsi.

Shagon ne ya fara gabatar da ni ga hukuma. Wani ɗan ƙaramin kamfani ya kama shi a kan jaka 60 a wata, amma da wata ya ƙare sai aka kawo mini jaka 51 da wata takarda da Faransanci. Na ɗauka kuskure ne. Akawunsu ya zaunar da ni ya yi mini bayani: dokar lokacin ta ɗora wa irin kamfaninsu ya cire kashi 15 cikin ɗari na kuɗin haya ya kai baitulmali da sunan mai gida. Ban da wannan akwai rajistar kwantiragi, wadda a lokacin take kashi 10 cikin ɗari idan wurin sana'a ne a cikin gari, kashi 5 idan na kwana ne. A al'ada ɗan haya ke biyan ta, amma duk mai hankali ya san tun wajen ciniki yake zare ta daga aljihunka. Sai kuma harajin gida na shekara-shekara, sefa 1 a kan kowace 1,000 ta darajar gidan. Da na kai wa Hajiya lissafin, abin da ta tambaya shi ne, "To wa ya gaya musu darajarsa? Sun taɓa shigowa da damina?"

Ina so a fahimce ni: ban ce kada a biya lampo ba. Kakanninmu sun biya, kuma kwaltar da aka shimfiɗa a Garwa kafin gasar ƙwallon Afirka ta Janairun 2022 ba daga sama ta faɗo ba. Kuɗin kansa ma, in aka raba shi wata goma sha biyu, bai kai abin da ruwan sama ke ci mana a katanga ba. Abin da ke karya gwiwa shi ne kowane Disamba majalisa a Yawunde takan amince da sabuwar dokar kasafi, kowane Janairu kuma sai ka sake koyon karatu. A 2023 kan sarkin da ake manna wa takardu ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500. A 2024 aka matsa wa kowa ya bayyana abin da yake samu a shekara ta intanet, har da kuɗin haya, da lambarsa ta mai biyan haraji. Hajiya ba ta karanta boko, sai na tsinci kaina a shagon kwamfuta ina biyan wani yaro ya shigar da sirrin gidanmu. A ƙarshen shekarar aka kafa sabuwar dokar harajin ƙananan hukumomi, wadda ta haɗe harajin ƙananan 'yan kasuwa wuri guda. Watanni biyu ni da mai shagon muna jayayya a kan ko zai ci gaba da cire kasonsa ko ya daina, kowa da abin da aka gaya masa a tebur daban.

Amma babban ƙullin yana ƙarƙashin ƙafarmu. Kakanmu ya sayi filin nan tun kafin a haifi Baba, da shaidu da takardar hannu. Dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974 ta ce shaidar mallaka ita ce takardar da muke kira titir fonsiye, duk filin da ba shi da ita yana cikin ƙasar da gwamnati ke riƙo. An ba waɗanda suka riga dokar zama damar neman takardar, an kuma sauƙaƙa hanyar a 2005, amma Baba ya rasu bai nema ba, kamar mafi yawan sa'o'insa. Ga inda abin yake ba ni mamaki: wajen haraji, zama a gidan ya isa a kira ka mai shi. Ran da aka zo faɗaɗa titi kuwa, ginin kawai za a ƙiyasta, ƙasar ba taka ba ce. Tun Janairun 2011, a bikin noma na Ebolowa, Shugaba Paul Biya ya yi maganar gyara dokar filaye. Yaron da aka haifa a watan ya isa aske gemu, mu kuwa muna nan muna jira.

Gidajen gwamnati ma haka. A 2009 aka ƙaddamar da shirin gidaje 10,000 da filaye 50,000, daga baya shirin gaggawa ya ware wa Garwa gidaje 100. Gida 100 a garin da kullum ake sauke baƙi, daga masu gudun rikicin Arewa Mai Nisa zuwa ma'aikatan Sodecoton da ɗaliban Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Sauran jama'a ina suke kwana? A ɗakunan irin su Hajiya. Lokacin ambaliyar Binuwai ta 2012, iyali biyu suka zauna a zaurenmu har kaka, ba wanda ya rubuta su a littafi.

Zuwan ɗaliban ne ya raba kan gidanmu. Ƙanena, wanda ke bi mini, ya ce, "Yaya, mu rushe ɗakunan ƙasan nan mu ɗora bene, ɗalibai za su cika shi kafin fenti ya bushe." Lissafinsa daidai ne. Sai dai izinin gini yana neman titir, banki ma haka, har Crédit Foncier da aka kafa domin bashin gina gida. Neman titir kuma yana nufin a tara magada tara, a kawo masu awo, a bi ofis-ofis. Na fara bin hanyar, na kai takardu wani ofishi, sau huɗu ana ce mini in dawo mako mai zuwa, a na biyar aka ce fayil ɗin bai iso ba. Kuma ko an samu, wa ya san abin da dokar baɗi za ta ce game da bene? Ƙanwarmu da ke aure a Ngaundere ta ce a sayar a raba kowa ya huta. Wani maƙwabcinmu ya riga ya zaɓi hanya ta uku: ya daina ba kamfani haya, sai wanda zai biya a hannu ba takarda, ya kuma ƙara jaka biyu a kowane ɗaki saboda abin da ka iya zuwa. Talakan da ke ciki shi ya biya kuɗin fargabar.

Na kai wa Hajiya maganganun uku bayan sallar isha'i. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce muddin tana numfashi ba mai sayar da inda aka binne cibiyarmu, bene kuma a bari sai takarda ta fito. Ta tambaye ni ko telan nan ya biya. Na ce wata biyu ke nan bai kawo ba. Ta ce in ƙyale shi sai bayan Salla, in kuma nemo mai gyaran kwano ya duba ɗaki na huɗu, don ta ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.