Ka Riƙe Kwanakin Labarinka

Ɗana, an gaya mini kai da abokanka kuna haɗa wasan kwamfuta mai labari, wanda mai wasa ke bin jarumi daga gari zuwa gari. Allah Ya yi albarka. Sai dai ƙanwarka da ta gwada shi a waya ta ce a kashi na farko uban jarumin ya rasu tun yaron yana goye, a kashi na huɗu kuma ga uban nan da ransa yana yi masa aure, babu wani bayani. Da ta yi maka magana, wai ka ce ai wasa ne. Wannan amsar ce ta dame ni.

An taɓa zaunar da mu sulhu kan wata gona a nan Kusada. Wani mutum ya rantse cewa ya saye ta tun kafin motoci su koma tuƙi a hannun dama, ya kuma ƙirga wa mai gonar nairori a hannu. Wani dattijo da ke gefen tabarma yana jan carbi bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi canjin hannu a 1972 aka yi shi, naira kuwa sai a Janairun 1973 ta zo, kafin nan fam da sule ake kashewa. Wurin ya yi tsit. Mai yiwuwa mutumin mantuwa ya yi, Allah ne masani, amma daga ranar ko gaskiya ya faɗa sai an nemi shaida.

Haka mai wasanka zai yi maka. Ya ba ka lokacinsa da kuɗin datarsa, ya yi juyayin maraicin yaron nan da zuciya ɗaya. Ranar da ya gane kai da ka rubuta ba ka riƙe abin da ka faɗa ba, ya daina yarda da sauran. Magana zarar bunu ce, ko a cikin ƙagaggen labari.

Kada ka ce manya ma suna yi. Suna yi, kuma suna shan wahalarsa. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da The Legend of Zelda a 1986, ya yi ta ƙara sababbi, masu wasa suka yi shekara da shekaru suna gardamar wanne ya riga wanne a cikin labarin. Sai a 2011 kamfanin ya buga littafin Hyrule Historia, inda ya raba tarihin gida uku daga wasan Ocarina of Time na 1998, don kawai zaren ya haɗu. Su da ke da kuɗi da ma'aikata ke nan. Tun ran gini, ran zane.

Don haka ka sayi littafin rubutu. Kowane mutum a labarinka ka ba shi shafi: shekarar haihuwarsa, iyayensa, abin da ya sani da ranar da ya san shi. Idan jarumi ya bar gida gero na bununi, kada ya isa Kankia a wunin nan ya tarar ana jin ɗumin wuta saboda hunturu. Aiki ne mai gundura, na sani, kuma babu mai yaba maka a kansa. Ka yi haƙuri ka yi shi.

Idan kuma kuskure ya riga ya fita, kada ka binne shi. A 2022 Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Mun kalla a nan gida, mata suka yi ƙorafi na ɗan lokaci, suka saba, domin an yi abin a fili kuma Sumayya ba ta canza iyaye ko tarihi ba. Kai ma ka sanar da masu wasanka inda aka sami tuntuɓe, ka gyara kashi na huɗu tukuna, sannan ka taɓa na biyar.