Kayan Aro Da Ya Rufe Katara

Sa'ad da na ke yaro a Kafanchan ubana ma'aikacin reluwe ne, gidanmu kuwa ba shi da nisa da tasha. Tun 1927 garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu, wani reshe ya nufi Kaduna, wani ya hau Jos. Saboda haka muka taso cikin baƙi iri iri, Hausa ita ce harshen kasuwa da na wasa. Amma a cikin gida akwai kakata, wadda aka ɗauko daga ƙauyenmu na gindin duwatsun Kagoro. Ita ba ta ji Hausa sosai ba, kowane dare kuwa sai ta tara mu ta yi mana tatsuniya da harshenmu.

Ina aji huɗu malaminmu ya ba ni aron littafin Magana Jari Ce. Tun daga ran nan kakata ta rasa mai saurare ɗaya. In ta kira ni sai in ce, "Kaka, ina karatu," in ja fitila in koma lungu wajen aku. Kun dai san labarin: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, aku ya dinga ɗauke masa hankali da labaru har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. A ganina a lokacin, wannan shi ne labari na gaske, tun da an buga shi a takarda. Na tsohuwa kuwa, ai surutun ƙauye ne.

Sai da na zo kwaleji na san inda akun nan ya fito. Wata rana malaminmu na adabi ya gaya mana akwai wani tsohon littafi a ƙasar Indiya, cikin harshen Sanskirit, sunansa Shuka Saptati, watau labaru saba'in na aku. A ciki wani falke ne ya yi tafiya ya bar matarsa, kullum da dare in ta shirya fita wajen wani namiji sai aku ya tsare ta da labari har asuba. Mutanen Farisa suka juya shi cikin harshensu suka kira shi Tuti Nama. Haka kuma Kalila wa Dimna, wanda malaman zaure suka sani, asalinsa littafin Indiya ne mai suna Pancatantara, Ibnul Muƙaffa ya mai da shi Larabci a ƙarni na 8. Irin waɗannan, da Alfu Laila wa Laila, da tatsuniyoyin Jamus, su Rupert East ya tara wa Malam Abubakar Imam sa'ad da aka ɗauko shi daga Midil ta Katsina zuwa Zariya a 1936. Daga cikinsu ya sassaƙo littattafansa uku, waɗanda suka fara fitowa a 1937.

Gaskiya raina ya ɓaci ran nan. Na ce a zuci, ashe abin da na guje wa kakata dominsa kayan aro ne! Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Na yi mako guda ban taɓa littafin ba.

Da na huce na sake buɗe shi, ina neman inda Indiya ta ɓuya. Na duba, na duba, ban gan ta ba. Fada ce irin ta Hausa, da waziri da dogarai da bayin sarki, ana faɗuwa ana gaisuwa. Matar falke ta zama ɗan sarki, sha'awar fita wajen saurayi ta zama ɗokin fita yaƙi, abin da yaron makaranta zai karanta gaban malaminsa ba kunya. Ba'a da karin magana duk na kasuwar Katsina ne. Nan na gane Imam bai yafa mayafin wani ba. Zare ya samo, ya saƙa a masaƙarsa, ya ɗinka riga daidai jikin mutanensa. Kafin wannan ma ya riga ya nuna gwanintarsa da Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta don gasar 1933, yana ɗan malamin makaranta mai shekara ashirin da 'yan kai, ya fito daga kwalejin horon malamai kamar wadda mu ke ciki.

To, sai wata tambaya ta hana ni barci. In har labarin Indiya ya bi ta Farisa da ƙasar Larabawa, ya sauka Zariya, ya iso Kafanchan ya same ni, me ya hana na kakata ya yi ko da tafiyar mil goma? Amsa ɗaya ce: nasu an rubuta, nata ba wanda ya rubuta. Wanda ya kamata ya rubuta kuwa ni ne, gama ni kaɗai a gidan na iya riƙe alƙalami.

Da hutu ya zo na sayi littafin rubutu na tafi gida da niyya. Na tarar tsufa ya ci ƙarfinta, magana ma da ƙyar. Kafin damina ta kare Allah ya yi mata rasuwa. Na zauna na matse ƙwaƙwalwata, daga cikin tatsuniyoyin da ba su ƙirguwa uku kaɗai na iya tunawa. Ta ukun ma, ta wata yarinya da ta bi kurciya cikin kogon dutse, ban san ƙarshenta ba, domin a daren da aka ƙarasa ta ina lungu tare da aku. Na tambayi 'yan'uwana, kowa ya ce ya manta. Har yau yarinyar nan tana cikin kogo.

'Yan'uwana ɗalibai, ba cewa na ke yi a bar karanta labarun Gabas ba. A karanta su ƙwarai, a ga yadda gwani ya ke sarrafa abin da ya samu. Amma a nan kwaleji akwai Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Hausawa da Fulani, kowannenmu kuwa yana da tsoho ko tsohuwa a gida. In an ba da hutu, kowa ya tafi da littafin rubutu, ya zauna gabansu da ladabi, ya rubuta ko da tatsuniya biyar ce, da harshensu da kuma Hausa. Gobe in mun tsaya gaban aji mu karanta wa yara su tare da na aku. Wa ya sani ko cikin yaran nan akwai wanda zai saƙa mana littafi da zarenmu?

Ni dai na makara. Allah shi sa ku kada ku makara, amin.