Yadda Muka Nemo Wa Ƙanena Zauren Masu Daina Giya

Maganar nan ta gidanmu ce, sai da na nemi izinin mai ita kafin na ɗauki biro. Na rubuta ne domin na san akwai wadda take haɗiye irin wannan baƙin ciki ita kaɗai, ko a kan miji, ko ɗa, ko ɗan'uwa.

Ƙanena direban babbar mota ne, yana lodi tsakanin Kano da Legas, a hanya kuma ya koyi shan giya. Ya kai shekara 6 yana sha kafin matarsa ta zo mini da dare da goyo a bayanta, ta ce, "Yaya, na gaji da rufin asiri, kuɗin cefane ma can suke tafiya." Ni da nake koyar da matan aure Fiƙihu a Islamiyya, wa'azi kawai na iya. Ya yi kuka, ya rantse ya daina, bayan sati biyu ya koma. Sau huɗu ana haka.

A karo na biyar muka kulle shi a ɗaki, wai sai giyar ta sake shi. Kwana biyu jikinsa na rawa, gumi na zuba, sai ga shi ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Hajiyarmu ta ce iska ce. A asibiti likita ya yi mana faɗa sosai, ya ce wanda jikinsa ya saba da giya kullum, yanke ta farat ɗaya ba kulawar likita na iya kashe shi. Don Allah ki riƙe wannan: asibiti ne farko. Wasu dangi sun ce a kai shi gidan mari, ni kuwa na ƙi, domin ban manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, mutane kusan 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ranar sallama wata nas ta ja ni gefe, ta ce, "Malama, magani ya wanke jikinsa, amma wa zai riƙe shi idan ya koma tasha?" Ita ta gaya mini cewa duk Alhamis da yamma masu irin matsalarsa suna zama a wani ɗaki a bayan asibitin. Ba allo, ba sanarwa. Irin wannan zama sai an tambaya ake saninsa, kuma wurin tambaya shi ne sashen ƙwaƙwalwa na babban asibiti, ko ma'aikatan walwala, ko masu ba da shawara a ofishin NDLEA. Kunyar tambayar ce ta cinye mana shekaru.

Daga baya na bincika asalin abin. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa idan suna gaya wa juna gaskiyar halinsu sukan iya haƙura da sha. Daga nan ƙungiyar AA ta samo asali. Ba kuɗin shiga, ba a neman cikakken sunanka, abin da aka faɗa a ɗaki a nan yake tsayawa, kuma alkawarin na yau kaɗai ne, gobe a sake ɗauka.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi ɗari-ɗari, domin waɗanda suka fara tsarin ba Musulmi ba ne. Sai na gano cewa Musulmi a Baltimore sun kafa nasu a 1989, mai suna Millati Islami, suka ɗora matakan a kan tauhidi da tuba. Na kuma tuna hadisin Bukhari na sahabin da ake yawan kawowa saboda sha, Annabi (SAW) ya hana a tsine masa, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. Haramci na nan daram, amma mu tsinuwar muka fi iyawa. Duk da haka sai da na tabbatar ba a sa kowa addu'ar da ta saɓa wa aƙidarsa a ɗakin, kuma ba mai sayar da wani magani.

Abin da wa'azina ya kasa, wani dattijo bakanike ya yi shi da magana ɗaya. Ƙanena ya ce ai shi kwalba biyu kawai yake sha, dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ni ma ƙaryar da na yi shekara 20 ina yi ke nan." Ya ba shi lambar wayarsa, ya ce ko tsakar dare ne ya kira.

Matan da ke jiran mazajensu a benci su ma suka fara nasu zaman. Wannan ma ba sabon abu ba ne, tun 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya. A nan matar ƙanena ta koyi daina biya masa bashi da yi masa ƙarya wurin maigidansa.

Bayan wata huɗu ya zame a Lokoja. Wannan karon bai ɓoye ba, da asuba ya kira dattijon, Alhamis ta zagayo ya koma ɗakin ya faɗa da bakinsa. Yanzu watansa 14 bai sha ba. Idan lodi ya riƙe shi a hanya, dattijon yakan kira shi ya ajiye wayar a kan tebur, ya saurari zaman daga cikin mota.