Makin gwaji da ranar gaskiya

A Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, yaro yakan tashi da Hausa a gida, ya yi boko da Larabci. In rabonsa na likitanci ne, Turanci ya zo masa na uku, domin da shi aka rubuta yawancin tambayoyin gwaji. Ko ya gama Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, ya yi shekarar horo a asibiti da ake kira imtiyaz, da sauran rina a kaba: sai ya haye jarrabawar Majalisar Likitocin Sudan kafin a ba shi rajista ta dindindin.

Nan ne yakan rungumi rumbun tambayoyi a wayarsa, kullum dare yana duba makinsa kamar mai awon hatsi. Makin kuwa yana da amfani, amma da sharaɗi. Wanda aka samu a karon farko, kan tambayoyin da ido bai taɓa gani ba, agogo na tafiya, littafi a rufe, shi ne ke kusa da abin da za a tarar a zauren jarrabawa. Na zagaye na biyu da na uku yakan yi tashin gwauron zabo, ya faranta rai, alhali hadda kawai ya auna. Ɗan da ya yi allo ya fi kowa faɗawa wannan rami, saboda tilawa ta kaifafa masa ƙwaƙwalwa: yana ganin farkon tambaya amsa ta faɗo masa, ba tare da ya bi ta kan dalili ba.

Ƙaramin maki ma ba kullum yake nuna jahilci ba. Ɗan ƙauyen Jazira ya san tsargiya tun yana wanka a magudanan ban ruwa, ya san zazzaɓin cizon sauro ciki da bai. Sau da yawa abin da ke kayar da shi doguwar jimlar Turanci ce, wadda sai ya karanta sau biyu, lokaci kuma ba ya jira. Maganin wannan karatu da agogo ne, ba ƙarin hadda ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, har ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, likitoci da dama suka koma neman lasisin Saudiyya ko Ingila. Can kuɗin rajista ya yi wa mai gudun hijira nauyi, kuma sau da yawa dangi ne ke haɗa shi. Wanda ya sa rana bisa makin zagaye na uku, da kuɗinsu ya yi caca.