Ai Legas Nan Kusa Ne

'Yan'uwa matasa, daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa Legas kilomita 800 ne da ɗoriya, tafiyar awa ɗaya da rabi. Shi ya sa in za mu tafi neman aiki muke ce wa iyaye, "Ai nan kusa ne."

Mu da muka tashi a Sabon Gari da Fagge muna jin kukan jirgin ƙasa, mun san wani lissafin. Tun 1911 dogo ya iso Kano. Daga tasharmu zuwa Legas, ta Zariya da Jebba, ya fi kilomita 1,100, kwana da wuni ana jijjiga. Kakanninmu sun jure, suna zuwa gaida tsofaffinsu. Mu 'yan zamanin jirgin sama kuwa, wasunmu Kirsimeti uku ke nan Mama tana ajiye mana kaza.