Abin Da Muka Tarar A Bayan Hoton Mahaifinmu

Jama'a, kowa ya shiga ɗaki ya ga hoto rataye a bango, fuska yake kallo. Ba mu taɓa ganin baƙon da ya juya firam don ya duba bayansa ba. Mu ma masu gidan ba mu juya namu ba sai da muka yi hasara.

Mu mutanen Taura ne, a ƙasar Ringim, wadda da take cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991 a sa babban birninta a Dutse. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sau ɗaya tak aka ɗauke shi hoto yana saurayi. Shi da abokansa huɗu suka shiga jirgin ƙasa, hanyar nan da ta tashi daga Kano ta bi ta Ringim har ta isa Nguru a 1930, suka tafi birni, suka jeru gaban mai hoto. Aka sa musu shi a firam, gilashi a gaba, kwali a baya, aka danne da ƙananan ƙusoshi, shi ke nan.

Da daminar 2022, sa'ad da ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Jigawa, Allah ya tsare gidanmu bai faɗi ba, amma bango ya sha ruwa. Da muka sauko da hoton, sai jikinmu ya yi sanyi. Ashe gara ta yi hanya ta bi bango ta shiga ta baya, ta cinye rabin kwalin, ta haɗa da fuskar mutumin da ke tsaye a gefen dama. Ga ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta yi zane a ciki, ga kashin kyankyaso. Mahaifinmu yana tsakiya, don haka ya tsira.

Wani tsohon kafinta a kasuwar Gujungu shi ya koya mana gyara, ga shi kuwa mun kawo muku, ku 'yan makaranta, domin ku ma wata rana za ku rataye takardar shaidarku.

Da fari aka sake kwali. Aka yanka wani siriri aka kewaye gefen hoton da shi, don kada fuskarsa ta taɓa gilashi, gama in danshi ya shiga sai ta manne, ran da aka zo ɓamɓarewa kuwa sai ta bar fatarta a jikin gilashin. Kana aka nemo takarda mai kauri, ja-ja-ja, irin ta buhun siminti, amma sabuwa. Ya hana mu jarida, ya ce tana tsufa ta yi rawaya ta ɓata abin da ke kusa da ita. Wajen abin liƙi muka yi gardama. Mu muka ce kunun rogo, ya ce wannan ai kiran kyankyaso ne zuwa walima. Muka ce to, ƙaro, irin wanda malamai ke sa wa tawada, ya ce da ya ji laima zai saki. Farin gam na kafintoci ya shafa, kaɗan, a jikin katakon kaɗai.

To, ga inda gwanintar take. Ya yanka takardar ta fi firam ɗin faɗi da kamar inci guda ko'ina, ya shafe ta da tsumma mai ɗan danshi, ya shimfiɗa, ya bi gefe da babban yatsa yana dannawa. Muka ga ta yi taushi, duk ta tattare, har muka ce a ranmu tsohon nan ya ɓata mana aiki. Ko da ta bushe sai ta ɗame kamar fatar ganga, in ka ƙwanƙwasa har amo take yi. Sa'an nan ya sa reza ya share abin da ya yi saura.

Kada ku zaci takarda tana hana gara, ai abincinta ce. Ƙura da kyankyaso take tsarewa. Maganin gara shi ne a kafa 'yan ƙusoshi biyu a ƙasan firam ta baya, su tokare bango, iska ta riƙa ratsawa, kuma a riƙa juya shi ana dubawa farkon damina da ƙarshenta.

Kafin a liƙa, tsohon ya miƙo mana fensir, ya ce mu rubuta sunayen mutanen hoton a jikin takardar, ban da tawada, don ita tana narkewa. Nan muka yi tsuru-tsuru, ba wanda muka sani sai mahaifinmu. Muka koma gida muka kai wa gwaggonmu, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo. Ta kira sunan uku, har da unguwanninsu da sana'ar kowa. Da ta zo kan na gefen dama, ta ce, "'Ya'yana, riga da hannu kaɗai nake gani, ina zan gane shi?"

Muka rubuta huɗu, muka ja layi a wurin na biyar, muka mai da wa kafinta ya liƙe.